Tsami da Ƙarfe: Yadda Khal Ke Cin Dalmar da Ta Gagari Ruwan Batir

Duk shekarar da na iso darasin asid ɗin kaboksilik, wanda ɗaliban WAEC da NECO suka fi sani da alkanoyik, akwai tambayar da nake jefa wa aji kafin in cire murfin kwalba ko ɗaya. Kwalabe biyu ne a kan tebur, kowace da ruwa cm³ 50. Ta farko asid ɗin haidurokulorik, HCl. Ta biyu asid ɗin asetik, CH₃COOH, ɗaya daga cikin 'yan gidan kaboksilik, wato tsamin nan da ke cikin khal. Kaurinsu ɗaya, mol 0.1 a kowace lita (mol shi ne ma'aunin da ake ƙidaya ƙwayoyin sinadari da shi). Zan jefa wa kowace zaren ƙarfen magnisiyam isasshe har ya yi saura. To, wacce za ta fi ba da iskar haidurojin?

Kusan baki ɗaya suke amsawa: "Malam, ta farko mana, ai ita ce mai ƙarfi." Sai mu jefa. Ta farkon ta ɗauka da fushi, ruwan ya yi fari da kumfa, zaren yana rawa a sama, sirinjin da ke tara iskar yana turuwa ido na gani. Ta biyun sai ka sunkuyo ka ƙura ido kafin ka ga 'yan ƙwayoyin iska maƙale a jikin zaren, suna sakinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar tukunyar da aka ɗora a kan garwashin da ya kusa mutuwa. Ana cikin kallonta ta farkon ta yi tsit, sirinjinta ya tsaya wajen 60. Aka buga ƙararrawa, aka fita tara, aka dawo, ta biyun tana nan tana ta fama. Amma ita ma can wajen 60 ɗin ta dosa.

Lissafin ba shi da wuya. A kowace kwalba akwai mol 0.005 na asid, kuma haɗuwar ita ce Mg + 2CH₃COOH → (CH₃COO)₂Mg + H₂. Asid biyu ke ba da haidurojin ɗaya, saboda haka mol 0.0025 za a samu, kuma mol ɗaya na iska a zafin ɗaki yana cin wuri kamar lita 24. Ka ninka, sai ka ga cm³ 60 ta fito. Lissafin nan bai tambayi ko asid ɗin mai ƙarfi ne ko mai rauni ba. Abin da ƙarfin asid ya shafa shi ne sauri.

Dalili kuwa shi ne HCl da zarar ya shiga ruwa yake zube duk ayon ɗin haidurojin da yake ɗauke da shi, wato ƙwayar haidurojin mai caji, H⁺, babu ɓoyo. Asetik yana riƙe nasa. A kaurin mol 0.1, cikin kowane ɗari ɗaya da ɗan ɗoriya ne kawai ya saki, wajen kashi 1.3, shi ya sa pH ɗinsa, ma'aunin tsamin da lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa, yake 2.9 alhali na HCl yana 1. Ni dai da randa da rijiyar rafi nake kwatanta su. Randa duk ruwanta a fili yake, ka zura kofi ka ɗiba yadda ka ga dama, nan da nan ka kai gindi. Rijiyar rafi kuwa ɗan ruwa za ka gani kwance a ƙasa, ka kwashe shi, kafin ka juya wani ya tsattsafo. Haka magnisiyam yake kwashe ɗan H⁺ ɗin da ke kusa da shi, sauran asid ɗin da bai saki nasa ba ya sake sakin wani, a yi ta yi har ya ƙare. Kuma gudun yana ƙara ja baya yayin da ake kusantar ƙarshe, domin asetet, gishirin da asetik ke bari bayan ya ci ƙarfe, yana taruwa a ruwan yana danne sakin. Shi ya sa jelar gwajin take da tsawo, har ɗalibai su ƙosa.

Akwai juyin wannan tambaya da ya fi kayar da mutane. A ce ba kauri aka daidaita ba, pH aka daidaita, dukansu a kan 3. HCl mai pH 3 ruwa ne tsararo, mol 0.001 kacal a lita. Asetik kuwa kafin ya kai pH 3 sai an zuba wajen mol 0.056. Takardar gwaji za ta nuna launi ɗaya a duka biyun, amma in ka ba su magnisiyam, mai raunin zai ba da iska fiye da ninki 50 na mai ƙarfin, kuma shi zai daɗe yana ci bayan ɗayan ya mutu murus. Wanda ya riƙe wannan ba zai ƙara ɗaukar "mai rauni" da ma'anar "marar ɓarna" ba.

Sai a tambaya, me ya sa ma yake sakin haidurojin ɗin tun farko? Asetik yana da haidurojin huɗu, amma guda ɗaya tal ke fita, wanda ke rataye a jikin oksijin a rukunin –COOH. Sauran ukun da ke jikin kabon ba inda za su. Barasar itanol ma tana da O–H irin wannan, amma ka jefa mata magnisiyam ba za ka ga kumfa ba. Bambancin yana ga abin da ya rage bayan H⁺ ya tafi. A itanol, cajin da aka bari a kan oksijin ɗaya yake sauka gaba ɗaya, kaya ya yi nauyi a gefe guda. A asid ɗin kaboksilik oksijin biyu ne, sai su raba cajin daidai wa daida, kamar mangala a bayan jaki, har tsawon igiyoyin biyu da suka ɗaure su da kabon ya koma ɗaya. Abin da ya zauna daram ba ya gaggawar karɓar H⁺ ɗinsa ya mayar. Ma'aunin da ake auna wannan da shi ana kiransa pKa, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon ƙarfin asid, kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Na itanol wajen 16 ne, na asetik 4.76. Matakai goma sha ɗaya ke nan, wato ninki biliyan ɗari.

Da wannan ma'aunin ake jera 'yan gidan junansu. Asid ɗin fomik, HCOOH, wanda John Ray ya ba da labarin tatso shi daga tururuwa a Ingila a 1671, yana kan 3.75, ya ninka asetik ƙarfi sau goma. Furofanoyik, mai kabon uku, yana kan 4.87, ya ɗan gaza asetik kaɗan. Littattafan makaranta suna cewa rukunin CH₃ ne ke turo ilektoron wajen oksijin ɗin, ya ƙara musu nauyi. Bayanin ya isa a ci jarrabawa da shi, ko da yake yadda ƙwayoyin ruwa ke kewaye ayon ɗin ma yana da hannu a ciki sosai. Inda abin ya fito fili ba gardama shi ne idan aka cire haidurojin ɗaya daga CH₃ aka sa kulorin, wanda shi janyo ilektoron yake yi. Kulorin ɗaya ya sauko da lambar zuwa 2.86, biyu zuwa wajen 1.3, uku zuwa wajen 0.7. Kuma nisa yana rage tasirin: a asid mai kabon huɗu, wanda yake kan 4.82, kulorin da ke maƙwabtaka da –COOH yana kai shi 2.86, in ya matsa kabon ɗaya baya 4.05, in ya ƙara matsawa 4.52. Saboda haka idan aka jera kwalabe uku masu kauri ɗaya aka jefa musu magnisiyam, mai kulorin zai riga, fomik ya biyo, asetik ya zo a baya. Kashi 11, kashi 4, da kashi 1 da ɗoriya ke nan na abin da kowanne ya saki a mol 0.1.

Asid ɗin da ke cikin abincinmu galibi 'yan wannan gida ne, kuma yawancinsu sun fi khal ƙarfi. Tatarik na cikin tsamiya yana wajen 3.0, sitirik na lemon tsami 3.13, laktik na nono mai tsami 3.86. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara ware su ɗaya bayan ɗaya: tatarik a 1769, laktik daga madarar da ta yi tsami a 1780, sitirik daga ruwan lemo a 1784.

Wani abu da nake yawan gyara wa ɗalibai: kumfan da ake gani idan kanwa ta haɗu da tsami a tukunya ba haidurojin ba ne. Kanwa gishirin kabonet ce, ba ƙarfe ba ce, iskar da take fitarwa kabon-dayokzaid ce. Ka kai tsinken ashana mai wuta bakin kwalbar haidurojin, sai ka ji "fat!" Ka kai shi ga ta kanwa, sai wutar ta mutu shiru.

A ɓangaren ƙarafan ma akwai jeri sananne, tun daga masu zafin kai zuwa masu sanyin jiki: fotasiyam, sodiyam, kalsiyam, magnisiyam, alminiyam, tutiya, baƙin ƙarfe, kuza, dalma, sai haidurojin a matsayin iyaka, sannan tagulla, azurfa da zinariya. Duk wanda ke sama da iyakar yana iya korar haidurojin daga asid, na ƙasa ba sa iyawa. Henry Cavendish tun a 1766 ya nuna cewa tutiya da baƙin ƙarfe da kuza suna ba da iska iri ɗaya mai kamawa da wuta idan an zuba musu asid. Da asetik mai ruwa-ruwa, magnisiyam yana kumfa ana gani, tutiya sai an yi haƙuri ko an ɗan ɗumama, ƙusa kuwa sai ta kwana kafin ruwan ya soma sauya launi. Sodiyam ba a ma kai shi kusa, domin da ruwan da ke cikin asid ɗin kaɗai yana iya tarwatsa kwalba. Kuma kwatancin ba ya yin adalci sai an daidaita komai, girman ƙarfe da zafin ruwa da tsabtar fuskar ƙarfen. Akwai shekarar da na ji kunya a gaban aji, fomik ya zo bayan asetik, ɗalibai suka yi ta kallona. Ashe zaren da na jefa wa fomik daga tsohon ƙunshi na yanko shi, ya yi dushi-dushi da ɓawon da iska ta ɗora masa, ban kuwa goge shi da samfefa ba.

Wannan ɓawon shi ne ƙofar sauran maganar, domin daga nan jerin nan guda biyu da muka haddace suke fara ba mu kunya.

Ɗauki dalma. Ina nufin dalma ta ainihi, Pb, mai nauyin nan da ke cikin batirin mota, ba abin da 'yan kasuwa ke kira "tukunyar dalma" ba, wanda alminiyam ne aka narka. Ruwan batir asid ɗin salfurik ne, ya fi khal ƙarfi nesa ba kusa ba, yana huda riga, yana ƙona fata. Amma ka jefa gutsuren dalma a ciki, sai ya yi ɗan fari ya tsaya nan. Gishirin da ya fara samuwa, salfet ɗin dalma, ba ya narkewa a ruwa, sai ya liƙe a jikin ƙarfen ya zame masa sulke. Saboda wannan ne ma tun 1746 John Roebuck a Birmingham ya soma haɗa asid ɗin salfurik a cikin ɗakunan da aka lulluɓe da dalma, aka yi ta amfani da dabarar kusan shekara ɗari biyu. To ka ɗauki dalmar nan da ta gagari salfurik ka sa ta a khal inda iska ke shiga. Oksijin ya taɓa fuskarta, asid ya narkar da abin da ya samu, kuma asetet ɗin dalma yana narkewa a ruwa sosai, fiye da giram 40 a cm³ 100. Babu sulke. Kullum sabuwar fuska ce a buɗe, ci yana ta tafiya a hankali ba tsayawa.

Mugun abin shi ne gishirin nan zaƙi gare shi, har Turawa suka yi masa laƙabi da sukarin dalma. Rumawa sun kasance suna dafa ruwan inabi a tukwanen dalma har ya yi kauri, su zuba a abinci da abin sha. A Turai kuma ƙarnuka aka yi ana yin farin fenti da wannan hanya: a naɗe fallayen dalma a sa a tukwane masu ɗan khal a gindi, a binne su cikin kashin dawaki. Zafin takin ya tayar da tururin khal, tururin ya ci dalmar, kabon-dayokzaid ɗin da takin ke fitarwa ya mayar da abin farin gari. Ko tururin da katako ke fitarwa ya isa. Masu kula da gidajen tarihi sun sha buɗe akwatin katakon da aka adana tsofaffin hatimai na dalma su tarar sun zama gari, shi ya sa a 1973 Andrew Oddy na gidan tarihin Birtaniya ya fito da gwajin da ake rufe kayan da za a yi akwati da su tare da 'yan fallayen azurfa da tagulla da dalma, a zafin digiri 60 na tsawon kwana 28, a ga wanda ya ɓaci. Har yau idan ana son a san ko kwanon tangaran yana zubar da dalma cikin abinci, asetik mai kashi 4 cikin ɗari ake zuba masa a bar shi awa 24. Kaurin khal ɗin kanti ke nan, ko ƙasa da shi kaɗan.

A nan maganar ta iso gida. Masu narka tukwane suna haɗa duk abin da suka samu na alminiyam, tsofaffin sassan injin mota, gwangwanaye, tarkacen waya, kuma dalma kan shiga ciki ba da saninsu ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan irin waɗannan tukwane na ƙasar Kamaru ya tafasa asetik mai ruwa-ruwa a cikinsu, aka auna, aka sami dalma ta fito cikin ruwan. Mu kuwa mun san abin da dalma ke yi wa yaro, tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Wancan ba daga tukunya ya zo ba, kuma yawansa ya wuce na tukunya nesa, amma gubar ɗaya ce.

Tagulla kuma tana ƙasa da iyaka, ko ka dafa ta a khal ba za ta ba da haidurojin ba. Ɗalibi zai rubuta "babu haɗuwa" ya ci makinsa. Amma uwarsa ta san in ta goge tsohuwar tasar tagulla da jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemon tsami da gishiri sai ta yi ƙyalli. Abin da tsamin ya cinye ɓawon okzaid ne, wanda oksijin ɗin iska ya ɗora a sama, ƙarfen bai taɓu ba. Sai dai in aka bar tsamin a jiki ba a ɗauraye ba, iska ta sake yin wani ɓawon, asid ya sake cinyewa, bayan kwana biyu sai ga kore shar ya fito. Wannan koren asetet ɗin tagulla ne in da khal aka yi, kuma mutanen Montpellier a kudancin Faransa sun daɗe suna sana'arsa, suna jera fallayen tagulla da tsamammen tuƙar inabi, su kankare koren su sayar wa masu fenti. Guba ne, shi ya sa a ƙasashen da ake girki da tukunyar tagulla, irin su Maroko da Turkiyya da Indiya, ake shafe cikinta da kuza. Wato a wajen tagulla da dalma oksijin ne ke karɓar ilektoron ɗin, asid share fage kawai yake yi. Jerin ƙarafa na littafi bai yi ƙarya ba, tambayar haidurojin kaɗai yake amsawa.

Alminiyam shi ne akasin haka. A jeri yana sama da tutiya da baƙin ƙarfe, ya kamata a ce ya yi kumfa kusa da na magnisiyam. Ka jefa shi a khal mai sanyi ka zauna jira, ba abin da za ka gani. Ɓawonsa na okzaid siriri ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa, amma a manne yake gam, in aka kankare shi nan take wani ya maye gurbinsa. Har tankokin alminiyam ake amfani da su wajen dakon asetik tsantsa, wanda shi da ma in babu ruwa a cikinsa ba ya iya sakin H⁺ ɗinsa yadda ya kamata. Kar dai wannan ya ruɗi kowa, tsantsan yana ƙona fata, kuma yana daskarewa a digiri 16.6, da safiyar hunturu mai tsanani sai ka tarar da shi kamar ƙanƙara a kwalba. To amma duk matar da ta dafa miyar yakuwa ko ta tumatir a tukunyar silba ta ga yadda cikinta ke yin haske fes daidai inda miyar ta tsaya. Da zafi, da gishiri, da irin asid ɗin da ke cikin ganyen, ɓawon yana ɗan ba da kai.

Irin asid ɗin shi ne zancen. Sitirik yana da rukunin –COOH har uku da ƙarin O–H, tatarik yana da biyu, okzalik biyu. Irin waɗannan ba sakin H⁺ kawai suke yi ba, suna damƙe ayon ɗin ƙarfe ta wuri biyu ko uku lokaci ɗaya, kamar yadda ƙaguwa ke kama abu da ƙahonninta, su janye shi cikin ruwa su hana shi komawa. Wannan damƙar ba ta bayyana a lambar pKa ko kaɗan. Ita ce ta sa lemon tsami ke cire tsatsa daga wuƙa fiye da yadda ƙarfinsa zai sa ka zata. Likitoci ma da ita suke aiki: maganin EDTA da ake yi wa wanda dalma ta yi wa yawa a jini yana da –COOH huɗu, ya kama ta ya fitar ta fitsari.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne gwangwanin abinci. Baƙin ƙarfe ne aka shafe da kuza siriri, irin kuzan da aka daɗe ana haƙa a Jos. A jeri baƙin ƙarfe yana sama da kuza, saboda haka in shafen ya ƙwarzane a waje inda danshi da iska suke, baƙin ƙarfen ne ke tsatsa, da sauri ma. Amma a cikin gwangwanin da aka rufe, babu iska, ga asid ɗin 'ya'yan itace, sai lamarin ya juye. Asid ɗin ya fi damƙar ayon ɗin kuza, sai kuzan ya zama shi ke narkewa a hankali yana kare baƙin ƙarfen. Ƙarafa biyu sun yi musayar matsayi saboda kawai wanda suka tarar a cikin ruwan. Da zarar an buɗe murfi iska ta shiga, narkewar kuzan takan ƙaru sosai, musamman a gwangwanin da ba a shafe cikinsa da wani rufi ba. Dalilin ke nan da ake cewa in an fasa tumatirin gwangwani aka rage, a juye ragowar a kwalba ko roba. Gwangwanin da ya kumbura kuwa, wani lokaci haidurojin ɗin nan ce ta ajinmu ta taru a ciki, wani lokaci ƙwayoyin cuta ne, kuma ba wanda zai bambance da ido, sai a yar.

Bokitin ƙarfe mai shafen tutiya shi ba shi da wannan rufin asirin. Tutiya tana sama da iyaka, gishirinta da waɗannan asid yana narkewa, ɓawonta ba ya jure tsami. Zoɓo ko ruwan tsamiya in ya kwana a ciki yana iya ɗaukar tutiyar da za ta sa mutane amai da murɗar ciki. Masu jiƙa tsamiyar kunu a ƙwarya ko roba sun huta da wannan.

Okzalik yana da nasa halin. Da lambar pKa 1.25 ya kamata ya bar su fomik a baya, kuma a kan tsatsa haka ne, yana wanke ta tas. Amma gishirinsa da kalsiyam ba ya narkewa, da magnisiyam ma da ƙyar, saboda haka yakan fara da zafi sannan farin gari ya rufe fuskar ƙarfen, gudu ya ragu, kamar dai abin da salfurik ya yi da dalma. Okzalet ɗin kalsiyam ɗin nan shi ne 'yan alluran da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro, shi ne kuma yawancin tsakuwar ƙoda. A ɗaya ƙarshen gidan akwai masu doguwar jela, irin asid ɗin sitiyarik mai kabon 18 da ke cikin kitse. Lambarsu ba ta yi nisa da ta asetik ba, amma ba sa shiga ruwa, saboda haka ba su da hanyar kai wa ƙarfe hari sai a hankali cikin watanni, kamar koren dattin nan mai maiƙo da ke taruwa inda ƙarfen tagulla na ɗamara ya daɗe yana gugar fata. Gishirinsu da sodiyam ko fotasiyam shi ne sabulu, da kalsiyam shi ne dusar da ke tasowa in ruwan rijiya ya ƙi kumfa, da litiyam kuwa shi ne ke ba giris ɗin mota kauri.

Dukawa tun kafin a zo da pKa suke cin moriyar wannan jinkirin. Baƙin rinin da suke zana fata da shi, kuloko, daga baƙin ƙarfe yake, guntayen ƙarfe ko kashin maƙera da ake jiƙawa a ruwan da ya yi tsami a bar shi kwanaki. Asid mai rauni yana ta gutsurar ƙarfen kaɗan-kaɗan yana tara shi a ruwa, kuma yayin da yake ci tsaminsa yana raguwa, har ya zama ruwan da ba zai ƙona fata ba. Da asid mai ƙarfi aka yi, da an gama da sauri, amma tsamin ya lalata fatar a kan layin zanen. Fatar da aka jeme da bagaruwa cike take da sinadarin tanin, shi kuwa tanin da ya haɗu da ayon ɗin baƙin ƙarfe sai ya ba da baƙi. Ka tsaya kusa da baduku yana jan layi a kan jar fata, za ka ga layin da farko ruwa-ruwa ne, dushi-dushi, kamar bai kama ba. Kafin ya kai ƙarshen ɗaya gefen, iska ta taɓa na farkon, ƙarfen da ke ciki ya tashi daga Fe²⁺ zuwa Fe³⁺, layin ya koma baƙi ƙirin, ya shige cikin fatar yadda ko an wanke ba ya fita.